Hoton da na ɗauka a Manama

Shekaru kaɗan da suka wuce ina aikin lodi a wani sito a Sulay, nan Riyadh. Mutum ne ni a lokacin mai dariya a baki, mai ƙulli a zuci. Ɗaki ɗaya muke da abokina ɗan garinmu, wanda muka yi wasan ƙasa tare. Ni na riga shi zuwa, ni na koya masa Larabcin kasuwa, amma kafin in ankara ya zama direba a unguwar ofisoshin jakadanci, har ya sayi ƙaton babur na hannu, ni kuwa ina nan da kwali a kafaɗa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yarinyar da na daɗe ina so a gida, ban taɓa furtawa ba, da ita aka yi masa baiko. Kullum suna waya ina kwance, na juya fuska bango kamar mai barci.

Wata rana ya ce mu je Bahrain a babur mu sha iska. Shi ya yi ta bin kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, har aka ba ni bizar fita da dawowa. Ranar Alhamis da la'asar ya goyo ni, muka miƙi hanya. Ina riƙe da ƙugunsa ina jin kaina kamar buhun da aka ɗauro a baya. Muka haye gadar nan ta kan teku, muka shiga wani titi a Manama da bai san barci ba, fitilu ko'ina, kiɗa daga kowace ƙofa, ƙamshin shisha da gasasshen nama. Wallahi bawan Allahn nan ko kallon banza bai yi wa kowa ba. Muka zauna cin abinci, ya sa aka kawo masa lemon sha'ir, wanda babu giya a ciki amma kwalbarsa sak ta giya. Ma'aikaciyar wurin ta sunkuyo tana ajiye faranti, ya yi mata dariya, na ɗaga waya na ɗauki hoto. A zaman nan ne ya ce ya kawo ni ne don ya roƙe ni in zama babban abokin ango. Na ce ai ko bai roƙa ba, wa ya fi ni cancanta.

Da muka dawo na ari wayar wani abokin aikina na tura wa yayan yarinyar hoton, ban rubuta komai ba. Mahaifinta malami ne. Kafin sati ya zagayo an maido da kayan sa rana. Abokina ya yi rantsuwa, ya tura manya, aka ce ido ya riga ya gani. Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyun farko daɗi na ji.

Ran nan abokina ya shigo ɗaki, ya miƙo mini wayarsa da hoton a buɗe, ya nuna hular kwanon da ke gefen tebur a cikin hoton, wadda ya ara mini ranar tafiyar. Ya tambaye ni a hankali wa ke zaune a bayanta. Na ce ni ne, na faɗa masa dalili. Ya ce da na faɗa masa ina son ta tun farko, da shi zai kai mini gaisuwa gidansu. Ya haɗa kayansa ya fita, bai zage ni ba, kuma na so a ce ya zage ni.

Daga baya na kira yayanta na faɗi gaskiya, amma bakin alƙalami ya bushe, an ba wani ita. Ni ban samu ba, na hana wanda ya goya ni. Na koyi cewa hassada ba ta fara cin kowa sai mai ita. 'Yan'uwana mazauna ƙasar waje, in wani abu na cin ku game da ɗan'uwa, ku faɗa masa ko ku kai wa Allah kuka tun kafin hannu ya kai ga waya. Hular tana nan rataye a ɗakina, har yau bai aiko a karɓa ba.