Ranar da Hajiya Rabi Ta Karɓi Katin Zaɓe

Har gobe ba zan manta da ranar da na ja da shugabana a gaban mutanen Zango ba. Lokacin ana rajistar masu jefa ƙuri'a ne gabanin zaɓen kansilolin gari. Ni malamar makaranta ce, aka ɗauke ni aikin wucin gadi: in duba takardu, in ɗauki hoto da zanen yatsu, in miƙa kati. Shugaban rukuninmu Sawadogo ne, mutum mai tsare gida; muna kiransa Mushe, wato Malam da Faransanci.

Da hantsi layi ya kawo kan Hajiya Rabi mai atamfa. Bakanuwa ce, ba 'yar ƙasarmu ba, amma tun ina goye take kasuwanci a unguwar. Ta ajiye fasfonta na Najeriya a gabana, da takardar shaidar zama, da rasitan harajin shagonta.

Mushe ya hango koren fasfo, ya taso. Ya ce da ni da Faransanci, "Madam, sallame ta. Baƙi ba sa zaɓe."

Hajiya ba ta jin Faransanci sosai, amma ta karanci fuskarsa. Ta fara tattara takardunta, ta ce, "Bari kawai, ɗiyata. Dama an ce mini wahalar banza zan yi. Ruwa ne ke cin shagona duk damina, na ce ko sau ɗaya in zaɓi wanda zai gyara mana kwata."

Na ce, "Inna, zauna."

Ku da kuka shigo aikin daga baya, ga abin da dokar ta ce a lokacin. Zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa na ɗan ƙasa ne kaɗai. Amma a na kansiloli, baƙon da ya shekara goma a zaune, yana da takardar shaida mai rai, da sana'ar da hukuma ta sani, yana kuma biyan haraji, yana da ƙuri'a. An faɗa mana wannan a wurin horo, sai dai a gurguje, har yawancinmu ba su riƙe ba.

Na san kalmarsa ɗaya ta isa a cire sunana daga aikin. Na ciro littafin doka daga jakata, na buɗe shafin, na ce, "Mushe, ku yi haƙuri, ku duba nan."

Ya ce, "Aikina za ki koya mini?"

Na ce, "A'a. Karantawa kawai za ku yi."

Ya karanta sau biyu, ya fita da waya ya kira babban ofis. Da ya dawo, da kansa ya gyara wa Hajiya kujera gaban kyamara, ya ce mata da Hausarsa ta kasuwa, "Hajiya, gafara. Ni na yi kuskure."

Labari ya bazu, kashegari direbobi 'yan Nijar suka yi ta zuwa da takardunsu. Waɗanda shekarunsu ba su cika ba na mayar da su, ciki har da mijin ƙanwata, wanda ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Doka ɗaya ce ta karɓi wancan ta ƙi wannan.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki ba mugunta ce ta fi tauye wa mutane haƙƙi ba, rashin karatun ma'aikaci ne. Talaka ba zai yi gardama da mai teburi ba. In ka ce masa babu, zai gode maka ya tafi. Don haka kafin bakinku ya ce babu, ku buɗe littafin.