Gonar Babana a Kan Ƙyalle

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, amma ranar da aka kawo mini gonar babana a naɗe cikin leda ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina cikin wata ƙungiyar mata masu surfani a Kafanchan. Mu ba hula ko wuyan riga muke yi ba, hoto muke zanawa da allura da zare. Duk Asabar mukan haɗu a barandar wata tsohuwar malamar makaranta: mu 'yan coci, da Hausawa, da wata dattijuwa Bafulatana da muke kira Inna.

Ni gonar cittar marigayi babana ta Madakiya na ɗauko, da kunyoyinta da ɗorawar da yake hutawa a gindinta. Don mamata nake yi. Idonta ya fara dushewa, likita kuma ya ce ba gyara. So nake ta ga gonar kafin duhu ya rufe mata.

Na kai rabi ke nan acaɓa ya kayar da ni a hanyar kasuwa, hannun dama ya karye. Kukan da na yi a asibiti ba na zafi ba ne.

Da malamar ta zo dubiya gida, sai ta ce, "Ina aikin nan yake? Mu za mu ƙarasa miki."

Na ce, "Mama, ku bar shi. Hannu daban-daban zai ɓata shi."

Ta ce, "Gara ya ɓaci a hannunmu da ya kwana a akwati." Ta ɗauka ta tafi.

Ba a jima ba matan ƙungiyar suka zo gidanmu gaba ɗaya. Da aka warware ƙyallen, nan take na gane hannun kowace: wata ɗinkinta a matse, wata a sake. A gefen gonar kuma ga fararen shanu, waɗanda ban taɓa zanawa ba.

Inna ta ce, "Ni na sa. In an tone citta, babanki yana bari mu shiga da shanu. In ba su, gonar ba ta cika ba."

Sai ranar na san ta san babana.

Mamata ta kawo ƙyallen dab da fuskarta, ta daɗe, sannan ta shiga bin zaren da yatsa. "Ga ɗorawa," in ji ta a hankali. Da yatsanta ya kai kan shanun, ta yi dariya har da hawaye, ta laluba hannun Inna ta riƙe.

Kafin Kirsimeti idon ya rufe gaba ɗaya, amma ta riga ta gani.

Har yau ina gode wa Allah da matan nan. A wurinsu na koyi cewa in abu ya fi ƙarfinka, ba kunya ba ne ka miƙa shi ga 'yan'uwa. Wani lokaci ma su suke riƙe da ɓangaren labarinka da kai ba ka sani ba.