Kai Mi Kaƙ Ƙera Mini?

Jiya na bi ta gaban wani tela a kasuwar Illela, warin man keken ɗinki ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Irin man nan yake shafa wa na'urarsa ta lissafi, wata ta ƙarfe mai hannun murzawa da ya sayo a Ƙonni. Kowace Juma'a yakan tsoma gashin kaza a man, ya bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya yana lallaɓawa. Ni ko kaina bai taɓa shafawa haka ba.

Wata rana na kai hannu zan murza, ya doke hannun. Ya ce, "Wani yaro can Faransa yaf fara ƙera irinta, don ya ga ubanai ya gaji da lissafi. Kai mi kaƙ ƙera mini?"

Har yau da furfurata ina kishin yaron nan da ban taɓa gani ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. Ban ƙera maka komai ba, amma kullum kana cikin addu'ata. Shi yaron Faransan naka, ko sau ɗaya ya taɓa yi maka?