Kunkurun Baba Wada

Da an idar da sallar asuba a unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki, Baba Wada bakanike ba ya komawa barci. Yakan buɗe garejinsa, ya ɗora shayi, sannan ya hau goge wata Bitil mai ruwan madara, motar nan da muke kira kunkuru. Ƙirar 2003 ce, shekarar da aka yi wa tsohon samfurin mai inji a baya ƙirar ƙarshe a Meziko. Tarihin shekarar nan kuwa, ko ba ka tambaya ba sai ya ba ka, har maƙwabta sun haddace. Amma taɓa motar, ko ɗan cikinsa bai isa ba.

Bana, 2019, da aka ce an daina ƙera Bitil kwata-kwata, masu tara tsofaffin motoci daga Jidda suka yi ta sintiri a ƙofarsa. Amsarsa ɗaya ce: "Khalas, magana ta ƙare, ba ta sayarwa ba ce."

Sai ga Ummulkhairi, mai abinci a unguwar Mansur. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu da wata tsohuwar kunkuru irin ta Baba Wada, wadda da ita take kai wa alhazai tuwo a unguwar Aziziyya tun da aka bai wa mata izinin tuƙi. Ana gab da Hajji injin ya buga, kuma idan kasuwar Hajji ta wuce ta, abincin shekara ya wuce yaranta. An zaga duk inda ake kwance matattun motoci, ba a samu irinsa ba.

Ta ce, "Baba, in ba za ta tashi ba, faɗa mini gaskiya."

Ya leƙa injin, sannan ya ce, "Je ki gida, 'yata. Bukra, gobe ke nan, bayan la'asar ki dawo."

Issoufou mai walda ya shaida cewa a gabansa tsohon ya kwance injin tasa motar, idonsa jajur, ya ɗaura a tata. Bai gaya mata ba, sai daga baya ta ji a gari.

Kai ne, Baba Wada, gwanin kunkuru, wanda ya san an ƙera mota ne don ta kai mutane inda abincinsu yake. Yanzu da ciwon ido ya sa ka ajiye sifana, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Mu kuma da ke ƙanƙame da abin da muke so, mu ɗan waiga. Yaran Ummulkhairi sun ci abinci bana.