Ranar da Neville Ya Tafi Sayen Noti

Tun yana saurayi Neville Trewin yake riƙe da sito a kamfanin katako na garin Tallan. Mutum ne mai tsari, ko ƙusa ɗaya ba ta fita sai da sa hannunsa. Aibinsa ɗaya, baki. Duk yammacin Juma'a idan an haɗu a kulob, shi ne mai zolayar masu karɓar tallafin gwamnati na marasa aiki. Har suna ya raɗa wa kuɗin, wai ladan zaman banza.

Sai ga shi kamfani ya rage ma'aikata, har da mai sito.

Ya yi ta zama a gida yana jera spana bisa girma, har matarsa Glenys ta gaji.

"Nev, spana ba ta biyan kuɗin wuta. Ka je ka yi rajistar tallafin nan."

Ya fara ta waya, aka ce sai ya zo da kansa ya nuna shaida. Akwai teburin yin wannan a zauren taron gari, amma ƙofarsa na kallon gidan burodi, inda kowa ke sayen fanken nama da hantsi. Idan ya shiga nan, kafin ya zauna labari ya kai kulob. Neville ya zaɓi ofishin babban gari, can bayan duwatsu, inda ba wanda ya san fuskarsa.

Ya tsara tafiyar kamar fitar da kaya daga sito. Motarsa a-kori-kura ce ja, duk Tallan an san ta, don haka ba za ta tsaya gaban ofishin ba. Zai ajiye ta a shagon kayan gini, ya sayi noti na injin yankan ciyawa, ya ƙarasa da ƙafa.

"Duk wanda ya tambaya, na tafi sayen noti."

Glenys ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan leƙen asiri."

Abin da bai saka cikin tsarin ba shi ne yatsansa. A hanyoyin yankin, duk motar da ka gamu da ita sai ka ɗaga mata yatsa daga kan sitiyari. Wanda bai ɗaga ba, a ce ko rashin lafiya ko girman kai. Neville ya ja hula har hanci, amma yatsan bai san ana ɓuya ba. Ya gaida mai ɗaukar madara, ya gaida matar fasto, ya gaida har motar da babu kowa ciki a gefen titi.

Ya sayi notinsa, aka ƙunshe masa a 'yar jakar takarda. Mai shagon ya dube shi, ya dubi jar ƙasar da ke jikin takalminsa.

"Daga Tallan? Ofishin na bayan banki. Bar motar a nan, ba komai."

Neville ya yi kamar bai ji ba.

Yana tura ƙofar ofishin ya tsaya cak. A kujerun jira mutum uku ne 'yan kamfaninsu, kowa da jakar shagon kayan gini a cinya. Na tsakiyarsu Col Maddern ne, direban motar ɗaukar gungume, wanda Neville ya daɗe yana tsokana saboda ɗansa ya taɓa karɓar tallafin.

Col ya washe baki. "A'a! Ranka ya daɗe mai sito! Bincike aka turo ka yi mana?"

"Wucewa nake."

"Mu ma duk wucewa muke. Me ka saya?"

Neville ya dubi jakar. "Noti."

"Ni kan famfo. Wannan sakaran kuwa fenti ya saya, gwangwani guda, alhali haya yake zaune. Zo zauna, mutumina, layin zaman banza daga nan ya fara."

Ya zauna. Kujerar ma ba ta da laifi, har da taushi. Da aka kira shi, ma'aikaciyar ta karɓi takardunsa, waɗanda ya jera bisa kwanan wata, ta ce da kowa haka yake zuwa da ta huta. Shi ne yabo na farko da ya samu tun barin sito, kuma abin kunya, ya ji daɗinsa.

A waje Col ya dafa kafaɗarsa. "Juma'a fa, kai za ka ba da labarin ko ni? Ni dai ina ƙara gishiri."

Neville ya auna abin, ya ga nasa bakin ya fi sauƙi.

Ranar Juma'a ya miƙe a kulob, ya ɗora notin kan tebur, ya faɗi komai har da yatsan. Aka yi dariya har mai sayar da lemo ya riƙe ciki. Ɗan Col, wanda yanzu yake da aiki a gidan mai, shi ya saya masa abin sha.

Tun daga nan idan ranar zuwa ofis ta yi, mota ɗaya suke shiga shi da su Col, Neville ne mai tsara wanda zai tuƙa. Notin kuwa bai shiga injin ba. Ya yi girma.