Shafukan Da Memuna Ta Ɗinke

Ranar Lahadi ce, sati guda bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji shida. Mun taso daga Islamiyya muna zaune mu uku a ƙarƙashin matakalar gidanmu na haya a unguwar Nima ta Accra, inda Mma Abiba mai abinci ke kife tukwanen wake da shinkafa in ta wanke, sai ga Fuseini ɗan maƙwabcinmu ya shigo yana haki, riƙe da wayar yayansa. Ya ce ya samo littafin wasanmu cikakke a cikinta, ba shafin da ya ɓace. Ni da ƙanena Muniru muka yi tsalle. Memuna kuwa, 'yar kawuna da ta girme ni da shekara biyu, ko kai ba ta ɗaga ba.

Littafin nan babanta ne ya tsinto shi a cikin dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto. Ƙato ne, da Turanci, ba bango, tsakiyarsa kuma a yage. Wasa ne da mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, in zai yi abu mai haɗari ya jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Memuna ce kaɗai ke gane Turancin, don haka ita ke jan labari. Ni maharbiya ce. Saboda wasan nan nake cika galan shida na ruwa kafin azahar ba tare da an yi min magana ba, na ma daina zuwa ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata. A bakin Memuna, kogon dodo kamar babban gotan ruwan dattin unguwarmu yake, birnin matsafa kuma warin albasar kasuwar Agbogbloshie yake yi. In gardama ta tashi sai ta ɗora yatsa a kan shafi ta ce, "Littafi ya faɗa." Shi ke nan.

Ran nan Fuseini ya yi ta lalube a waya, yana neman dokokin da Memuna ta saba faɗa mana. Babu dokar da ta ce in ka ci abinci da abokin gaba ba zai taɓa ka ba. Babu wadda ta ce wanda ya mutu zai tashi in abokinsa ya goya shi zuwa bakin rafi. Ya ɗago ya ce, "Chale, Memuna ya yi mana ƙarya!" Ta miƙe, ta bar littafin a ƙasa, ta tafi wurin mamanta da ke suyar ƙosai.

Lahadi biyu muka yi da waya, Fuseini na jan labari. Dokoki sun cika, lissafi ba kuskure, amma kowace jifa sai mun jira ya nemo shafi, dodonsa kuma ba murya. A Lahadi ta biyu maharbiyata ta faɗa rami ta mutu, waya ta ce ba dawowa. Ban damu da wannan ba kamar yadda na damu da Memuna. Tabarma ɗaya muke kwana, amma ta daina ce min ko sannu, na fara tsoron haka za mu dawwama.

Na same ta tana tsince shinkafa, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Shafin babu, ku kuma kuna kallona. Ran da kika fara mutuwa a wasan na ga fuskarki. Me zan ce miki?" Na ɗauko sabon littafin rubutuna na ajiye kusa da faranti, na ce ta rubuta mana abin da ya yage. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da Lahadi ta zagayo sai ga ta da littafin a hammata. Ta cike shafi goma sha biyu da rubutunta, ta ɗinke su a tsakiya da baƙin zaren kitso. Fuseini ya fara ƙunƙuni, ta ce ya riƙe wayarsa ya riƙa duba mana ƙarfin makamai, tunda nan ta fi sauri. Ya ji an ba shi muƙami, ya yarda. Muniru ya goya maharbiyata zuwa rafi. Memuna ta ɗora yatsa a kan sabon shafi, maharbiyata ta tashi.

Yanzu Memuna malamar makaranta ce a Tamale, sai shekara-shekara muke haɗuwa, kuma ina kewar muryarta. 'Yata Sherifa tana irin wannan wasa da ƙawayenta a unguwarmu ta Maamobi, amma komai a waya, wayar ce ke jifa, ita ke ƙirga. Na ɗauka ba abin da ya rage musu sai dangwala gilashi. A hutun da ya wuce na leƙa baranda, na tarar wayar a kife a tsakiyarsu, su huɗu suna ta musu da ƙarfi a kan ko kada zai yarda ya haye da su ruwa in an ba shi soyayyen kifi. Na koma ciki ban ce su rage murya ba. Na daɗe ban ji hayaniyar da ta kwantar min da hankali haka ba.