Ranar da Aka Yi Ruwa a Zanen Hajara

Cikin shekarun da na yi ina koyar da zane a wata sakandare da ke Yelwa, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da za mu kai zanen Hajara gasar makarantu.

Hajara 'yar ajin ƙarshe ce, kuma babanta ya rantse in ba ta ciyo komai ba, sai ta ajiye buroshi ta rungumi lissafi. Kasuwar Muda Lawal ta zana da fentin ruwa. Ga wanda bai sani ba, fenti ne da ake jiƙawa a shafa sama-sama, har farin takardar yana leƙowa. Halinsa ɗaya: ko ya bushe, da ya ji ruwa sai ya farka.

Ƙa'ida ce sai mataimakin shugaban makaranta ya duba aiki kafin ya fita, don haka zanen ya kwana a ofishin mataimakin namu, Malam Garba. Mutumin kirki, amma tsafta ta yi masa yawa, har allon sanarwa wanke shi yake yi. Da safe ya ga tsaka ta yi kashi a sararin samaniyar zanen, ya jiƙa hankici ya goge. Shuɗi ya biyo hannunsa har kan rumfuna.

Na shigo na tarar da shi ya yi tsuru-tsuru.

"Malam Sani, wallahi gyara na so yi."

"Ranka ya daɗe, ai ka gyara," na ce.

Aka kira Hajara. Na zaci kuka za ta fashe da shi. Sai ta dubi zanen ta ce, "Malam, a ara mini hankicin."

Ta ƙara jiƙa shi, ta yi ta ja daga sama zuwa ƙasa a karkace, sannan ta ɗauki buroshi ta ɗora wa masu hatsi buhuna a ka. Kafin direban da zai kai mu gasar ya iso, ana tsuga ruwa a Muda Lawal ta cikin zanen.

Ta zo ta biyu. Babanta da kansa ya sayo mata sabon akwatin fenti, na yi murna kamar 'yata ce.

Abin da nake gaya wa sababbin malamai ke nan: fentin ruwa ba ya komawa baya, sai dai ka bi shi inda ya nufa, kuma yara sun fi mu saurin gane haka. Malam Garba kuwa, har ya yi ritaya yana cewa da hannunsa a kyautar. Ba wanda ya taɓa musa masa.